Sigarin Lantarki: A Duba Lambar Kwayil Kafin A Yi Sari

Yau za mu yi magana a kan wata haja da masu zuwa sari ƙasar Sin da Dubai suke cin karo da ita, watau sigarin lantarki, wanda ake zuƙar tururi a madadin hayaƙi. Wani mai haɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, shi ya ƙago irin na yanzu a 2003, galibinsa kuma a birnin Shenzhen ake ƙera shi. Akwai na yarwa, akwai kuma mai maɓallin ƙara wuta da ragewa. Na biyun nan shi ne zancenmu, domin a nan mai saye yakan dawo da kaya yana faɗa.

Cikin tankinsa akwai wata 'yar waya naɗaɗɗiya da ake ce wa kwayil, da auduga a jikinta kamar lagwanin fitila. Auduga ta tsotso ruwa, batir ya zafafa waya, ruwa ya zama tururi. To, kowane kwayil yana da lamba biyu a jikinsa. Ta fari ita ce om, watau gwargwadon yadda wayar take tare wuta. Ta biyu ita ce wat, watau ƙarfin wutar da zai iya ɗauka.

Ga lissafin, ba wuya. A ninka bolt da kansa, a raba da om, abin da ya fito shi ne wat. Bolt 4 a kwayil mai om 1.6 wat 10 ke nan. Bolt 4 ɗin nan dai a mai om 0.4 wat 40 ne, a mai 0.2 kuwa wat 80. Ashe ƙaramar lamba ita ce mai cin wuta. Mutane da yawa nan suke tuntuɓe, su ɗauka babbar lamba ita ce mai ƙarfi.

Saboda haka kayan nan kashi biyu ne. Mai om 1 zuwa sama yakan yi aiki wajen wat 10 zuwa 15. Tururinsa kaɗan ne, zuƙarsa irin ta sigari ce, ruwa da batir suna jimawa. Wanda bai kai om 1 ba, kamar 0.15 zuwa 0.5, yakan nemi wat 30 har 80, ya yi tururi kamar bakin tukunya, ya sha ruwa, ya cinye batir. Shi wannan ruwa mai kauri yake so, mai nikotin kaɗan, miligiram 3 ko 6. In aka zuba masa mai 20, sai tari da jiri da tashin zuciya.

Dillali ya koya wa mai saye abu uku. Sabon kwayil a ɗiga masa ruwa, a cika tanki, a dakata minti biyar zuwa goma auduga ta jiƙa. Sa'an nan a fara daga ƙasan lambar da aka rubuta: in an sa 40 zuwa 60, a fara da 40, a riƙa hawa sannu. Kuma kada a zarce lambar. Wuta ta yi yawa auduga ta ƙone, ƙauri ya kama ta, ba ya fita, hayaƙin ƙunar kuma yana ɗauke da guba. Wuta ta yi kaɗan, ruwa ya taru ya yi ta yoyo. Duk biyun, kayanka za a zarga.

Sai batir, nan haɗarin yake. Wanda aka fi sa wa shi ne 18650, bolt 4.2 in ya cika. Batir guda mai ɗaukar amfiya 20 iyakarsa wajen wat 60. Abin da ya fi haka sai mai batir biyu. A guji jabu da wanda rigarsa ta yage, kada kuma a jefa shi aljihu tare da makulli ko tsaba, yana iya kamawa da wuta. Araha ba ta ado.

Wajen sari, a sani kwayil ɗin wani kamfani galibi ba ya shiga tankin wani. Kada a ɗauko katan na inji ba tare da kwayil ɗinsa ba, domin kwayil sati ɗaya ko biyu yake yi a canza shi, cinikin da ke maimaituwa a nan yake.

A kuma tambayi doka kafin a zuba jari. Indiya ta haramta shi ɗungurungum a 2019. Birtaniya ta hana sayar da na yarwa tun 1 ga Yuni 2025. Tarayyar Turai ba ta yarda nikotin ya wuce miligiram 20 a mililita ba. Mu dai gaskiya za mu faɗa: nikotin yana kama mutum, fita da wuya. Kada a sayar wa yaro, kada a kwaɗaita wa wanda bai taɓa shan taba ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.