Roxy: Dalilin da ya sa wasu manhajoji ke ƙin buɗewa a tsofaffin wayoyi

Duk wanda ya san Roxy da Black Market a Adjamé, ko shagunan Treichville, ya san kasuwar wayoyi da kwamfutoci na hannu, waɗanda mutanen Abidjan ke kira "France au revoir". 'Yan uwanmu Hausawa na cikin masu wannan sana'a. Kukan da na fi ji a wajensu shi ne: waya lafiyarta lau, ga data, amma manhaja ta ƙi buɗewa, sai mai saye ya dawo yana cewa an cuce shi.

Sau da yawa matsalar ta takardar shaida ce. Kowace waya na zuwa da jerin hukumomin da ta amince da hatiminsu, kamar yadda ofis ke sanin sa hannun mai unguwa. In manhaja ta tuntuɓi uwar garke, aka nuna mata takarda mai hatimin da ba ya cikin jerin, to nan take za ta tsaya.

Haka ta faru da Let's Encrypt, wata cibiya a Amurka da ke bai wa miliyoyin shafuka takardar kyauta. Tsohon tushen da ta dogara da shi, DST Root CA X3, ya ƙare aiki ranar 30 ga Satumba, 2021. Sabon, ISRG Root X1, babu shi a Android da ke ƙasa da 7.1.1. An yi dabarar da ta riƙe tsofaffin wayoyin, ita ma ta ƙare a Satumba 2024.

To ka ga, filashin ba ya maganin wannan. In an mayar da Android ɗin da ke ciki, tsohon jerin ne zai dawo, kuɗin gyara ya tafi a banza.

Shawarata ita ce a fara duba kwanan wata da agogo, domin in sun kauce, takarda mai kyau ma sai ta zama kamar ta ƙare. Sannan a sabunta tsarin wayar in yana karɓa. A kwamfuta kuwa, Windows daga Microsoft take ɗauko tushen, don haka a kunna sabuntawar da wasu masu gyara ke kashewa. In ya zama dole a saka tushen da hannu, a ɗauko shi daga shafin Let's Encrypt kawai.

Abin da na fi tsoro shi ne takardar da wani zai turo ta WhatsApp, wai ita ce magani. Mai irin wannan tushe na iya leƙa abin da ke wucewa tsakaninka da shafukan da kake shiga. Ga wanda jarinsa ke cikin Wave ko Orange Money, wannan ba wasa ba ne.

Kafin ka biya kuɗin waya a Roxy, shiga saiti ka duba lambar Android. In ta gaza 7.1.1, a rage farashi ko ka haƙura da ita.