Gaskiya ko Jita-jita: Matar nan mai rawayar riga, waƙa take ko kuwwa?

Daren da aka kai amarya, bayan jama'a sun watse, muna zaune a tsakar gidanmu a Jabo ana hirar gajiya, kowa ya miƙe ƙafa a tabarma. Sai ɗan yayana ya miƙo mini waya ya ce, "Baffa, dubi wagga." Wata baƙar mace ce cikin rawayar riga mai manyan kafaɗu, tsaye a wani tsohon gini mai dogayen ginshiƙai, ta wage baki har kana hango gandarta. Da muryar ta fito, Goggo, wadda ta wuni tana rangaɗa guɗa har tata muryar ta dushe, ta ajiye goron da take ɓantara ta ce, "Subhanallahi! Mi as same ta?"

Babu abin da ya same ta. Sunanta Pretty Yende, mawaƙiyar opera ce, kuma abin da muke kallo bikin naɗin Sarki Charles na Uku ne na Ingila, ranar 6 ga Mayu, 2023, a majami'ar Westminster da ke Landan. Ita ce 'yar Afirka ta farko da aka ba fili ta yi waƙa ita kaɗai a naɗin sarautar Ingila. Kafin wayar ta gama zagaya tabarmar, kowa ya yanke nasa hukuncin. Na riƙe maganganun nan a raina, domin kusan su ne dai ake ji ko'ina irin wannan bidiyo ya faɗo hannun Bahaushe.

Kawu, tsohon malamin firamare, shi ya fara: baƙaƙen Amurka ne masu wannan, ɗan Afirka bai san shi ba. Yana da 'yar hujja. Baƙaƙen Amurka su suka fara fasa ƙofar, tun daga Marian Anderson da ta hau dandalin Metropolitan na New York a 1955, sai Leontyne Price da Jessye Norman. Amma wannan dai jita-jita ce. An haifi Yende a 1985 a Piet Retief, wani ƙaramin gari a Afirka ta Kudu kusa da iyakar Eswatini. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Golda Schultz, 'yar ƙasarsu, ta hau dandalin Metropolitan a 2017. Pumeza Matshikiza, wadda ta tashi a unguwannin talakawan Cape Town, ta yi shekaru tana aiki a gidan opera na Stuttgart a Jamus, ita ce kuma ta yi waƙa a buɗe wasannin Commonwealth a Glasgow a 2014. Masabane Cecilia Rangwanasha daga Limpopo ta ɗauki ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gasar mawaƙan duniya ta Cardiff a 2021.

Maganar Goggo ce ta fi ɗaukar hankalina, domin kunnenta ya fi na kowa a wurin. Ta ce, "Wagga ba waƙa ta ba, kuwwa ta. Ko magana guda ban ji ba." Rabin maganarta gaskiya ne, kuma akwai dalili.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, da makaɗa sittin, wani lokaci har ɗari, a wani rami gaban dandali. Italiyawa sun raba muryoyi aji-aji, mace mai siririyar muryar da ta fi kowace tashi sama ita suke kira soprano. Abin da bidiyon waya ba ya nuna maka shi ne, a gidan opera ba a ba mawaƙiya lasifika. Idan ka ga makirufo a rataye, na masu ɗaukar sauti ne domin rediyo da talabijin. Zauren Metropolitan yana cin mutum kusan 3,800, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe can saman bene ya ji ta, ta saman goge da kakaki da ganguna, da ƙirjinta da maƙogwaronta kawai. Mu da muka saba a ɗaure manyan lasifiku a bisa mota kafin mawaƙi ya ce uffan, sai mu tsaya mu auna wannan.

Idan ta kai ƙololuwa, tantanin muryarta yana kaɗawa fiye da sau dubu a daƙiƙa guda. Domin sautin ya fita da ƙarfi a wannan tsayi, sai ta saki muƙamuƙi ta buɗe baki sosai, kuma da baki ya buɗe haka, wasula sukan narke su koma kusan iri ɗaya. Shi ya sa ko Ba'italiye ba ya tsintar kowace kalma a waƙar da ake yi da harshensa, har gidajen opera suna rubuta baitocin a wani allo a saman dandali. To mu kuwa magana muke saurare. Abin da ya sa Narambaɗa ya zama Narambaɗa shi ne azanci da kirari da habaicin da zai sa bafade ya sunkuyar da kai. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa da ƙwaryarta ba ta taɓa neman ta tsaga rufin ɗaki da murya ba, so take kowace mace a wurin biki ta ji abin da ta ce ta ɗauka ta kai gida. Ga shi Hausa harshe ne mai karin sauti, ka murɗa sautin kalma ka sauya ma'anarta, don haka waƙarmu takan bi bayan maganarmu ne. Kunnen da ya tashi a haka, in ya ji murya ta rabu da kalma ta yi sama ita kaɗai, dole ya ce kuwwa ce. Sai dai mai kuwwa ba ya iya sauka daidai kan sautin da aka rubuta masa, ya riƙe shi, ya rage shi har ya zama kamar zare, ya sake buɗe shi, duk da numfashi guda, kuma ya maimaita haka jibi.

Na ce wa Goggo ta bar kallon bakin ta dubi kafaɗun. Aka mayar da bidiyon baya. Ta matso da wayar kusa da fitila, ta ɗora hannu a cikinta tana bin numfashin matar da nata. Kafaɗun ba sa motsi, daga ƙasan haƙarƙari iskar ke tasowa. Goggo ta saki nata numfashin tun matar ba ta kai rabin layin ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Lalle ta san inda taka aje iska."

Nan ƙanena ya shigo da tasa: baiwa ce kawai, Allah ya ba baƙar fata murya. Wannan ita ce jita-jitar da ta fi daɗin ji, kuma ita na fi ƙi, domin yabo ne mai cinye wahalar mutum. Turawa ma suna yin sa, kamar dai matan nan daga daji aka tsinto su suna rerawa. Dubi hanyar da Yende ta bi. Tana da shekara 16 ta ji wasu mata biyu suna waƙa a tallar kamfanin jirgin British Airways a talabijin, wani yanki ne na opera mai suna Lakmé, ba ta ma san sunan abin ba sai da ta tambayi malaminta. Ta shiga ƙungiyar mawaƙan makaranta, ta tafi sashen kiɗa na Jami'ar Cape Town, ta ci gasar Belvedere a Vienna a 2009, ta shiga makarantar gidan La Scala a Milan, ta ci gasar Operalia a Mosko a 2011. A hanya sai da ta koyi karanta rubutun kiɗa, ta koyi Italiyanci har ya zauna a bakinta, ta iya furta Faransanci yadda mutanen Paris ba za su yi mata dariya ba. A Janairun 2013 aka kira ta New York ta maye gurbin wata mawaƙiya, ta haddace rawar da za ta taka cikin 'yan kwanaki, kuma a daren farko tana fitowa ta yi tuntuɓe ta faɗi a gaban dubban mutane. Ta tashi ta yi waƙarta, aka yi ta tafi. Shekara 12 ke nan tsakanin tallar jirgi da wannan dare. Mu ma ai mun san haka a gida: Musa Ɗanƙwairo sai da ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce me ya sa yawancinsu daga Afirka ta Kudu suke. Ba maƙogwaronsu ne ya bambanta da na matan Tambuwal ko Kebbe ba. Tsani suke da shi. Tun zamanin 'yan mishan waƙar taro ta kafu a coci-coci da makarantun baƙaƙen ƙasar, har yau kuma ana gasar mawaƙa tsakanin makarantun gwamnati, da sashen da yaro ko yarinya za su tsaya su kaɗai su rera yankin opera. Ko a zamanin wariyar launin fata, lokacin da manyan dandamali na farare ne, ƙungiyar Eoan ta mutanen da gwamnati ke kira masu ruwa biyu ta shirya opera mai suna La Traviata a Cape Town a 1956. Da wariya ta faɗi a 1994, jami'o'i suka buɗe ƙofa, sai aka tarar da muryoyi a shirye suna jira.

Ɗan yayan nawa ya ce to Najeriya dai babu. Akwai. Omo Bello ta karanta kimiyyar ƙwayoyin halitta a Jami'ar Legas kafin ta tafi babbar makarantar kiɗa ta Paris. Da Kawu ya ji sunan ya gyara zama ya ce, "Bello? Ai tamu ta!" Na tuna masa sunan Bello ya daɗe da ƙetare Kwara. Francesca Chiejina ma haifaffiyar Legas ce, ta yi karatu a Amurka da Landan, ta samu horo a gidan Royal Opera. Ba banza ba duk daga Legas suka fito, can ne ake da coci mai piyano da malaman murya da cibiyar MUSON a Onikan. Yarinyar Jabo mai zaƙin murya tata hanyar daban ce: ƙasida a Islamiyya, waƙar daɓe da ta niƙa in ta tarar da ragowarsu, guɗa in ta girma, in ta yi nisa ƙwarai amshi a situdiyon Kano, kamar yadda Fati Nijar ta taso daga Maraɗi. Ba kuma zan ɓoye ba, iyaye da yawa a nan ba za su yarda 'yarsu ta tsaya gaban maza tana waƙa ba ko da tsanin yana ƙofar gida, kuma suna da dalilansu na addini da tarbiyya. Ni ban zo neman a gina gidan opera a Sakkwato ba. Abin da na ƙi shi ne a ce rashin murya ne.

Cewa abin na Turawa ne, asalinsa dai haka ne, a Italiya ya tsiro wajen shekarar 1600. Amma ya daɗe da shigowa nahiyar nan. An buɗe gidan opera a Alƙahira a 1869, a can aka fara nuna Aida ta Verdi a 1871, labarin wata gimbiyar Habasha. Fatma Said, 'yar Masar da ta yi makarantar La Scala, ta sa waƙoƙin Larabci a faifanta El Nour na 2020. An mayar da opera mai suna Carmen harshen Xhosa a fim, ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Berlin a 2005. A 2007 kuma aka nuna Bintou Wéré a Bamako sannan a Paris, opera ta Sahel da kayan kiɗanmu na yankin, a kan matasa masu ƙetare hamada neman shiga Turai.

Saura batun kuɗi, wanda kowa a tabarmar ya yarda da shi ba gardama: sun haye, sun huta. 'Yan ƙalilan na sama suna samu, babu shakka. Amma mawaƙiyar da ba ta da albashi a wani gida, dare-dare ake biyanta. In mura ta kama ta ranar wasa, kuɗin wannan dare ya tafi, alhali ta yi makonni tana gwaji tana biyan haya a garin da ba nata ba, ga dillalinta yana jiran kasonsa. Da korona ta zo, Metropolitan ya rufe daga Maris na 2020 har Satumban 2021. Aikin kuma ba a gida yake ba. Jamus kaɗai tana da gidajen opera kusan 80 masu ɗaukar mawaƙa aiki, Afirka ta Kudu mai fitar da muryoyin ba ta da inda za ta riƙe su, don haka rayuwar akwati ce da biza. A Yunin 2021, kusan shekara biyu bayan Yende ta ja ragamar La Traviata a babban gidan opera na Paris, ta ce 'yan sandan filin jirgin Charles de Gaulle sun tsare ta sun wulaƙanta ta. Hukumomin Faransa sun musanta, suka ce matsalar takardu ce. Ko wanne ne daidai, fasfon da ke hannunta shi aka duba, ba a tambaye ta tsayin muryarta ba.

Goggo ta sa aka sake kunna bidiyon karo na uku. Da ya ƙare ta juyo ta ce, "To nawa anka liƙa mata?" Na ce ba a liƙi a can, tafi ake yi, in abin ya yi daɗi ƙwarai a miƙe tsaye, a jefo mata furanni. Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba. Ta ɗauki goronta ta ce, "Duk wagga wahala, hakukuwa? Sai ka ce akuya."