Ramar Kwaɗo Dabam, Ramar Igiya Dabam

Wani akawu daga Kazaure ya aiko da takarda yana tambayar labarin wata ciyawa ta ƙasashen Turai wadda Ingilishi ke kira netil. Ya ji an ce ana cin ganyenta, ana kuma saƙa da zarenta, shi ne ya ke so ya sani ko za ta yi a nan wajenmu.

Abin da ya ji gaskiya ne. Ciyawar tana da gashi mai harbi a jikinta, in ya taɓa fatar mutum sai wurin ya yi zafi ya yi rudu-rudu, amma da zarar an dafa ganyen harbin ya mutu. Zarenta kuwa, lokacin Yaƙin Duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, da aka tsare wa Jamus hanyar samun auduga, har tufafin soja suka saƙa da shi. Sai dai fa 'yar sanyi ce, tana son ƙasa mai taki wadda ba ta rabuwa da laima. Irinta ƙanana ne ƙwarai kamar na taba, ba a binne shi, sai a yayyafa bisa ƙasa a yi ta ban ruwa wajen mako biyu kafin ya tsiro. Duk wanda ya san rairayin Babura da ranar da ke biyo bayan shuka ya san wannan wahala ce kawai.

To, ba sai mun je Turai ba. Muna da rama, ga ta a gefen gonar kowa. Ganyenta abinci ne, ɓawonta igiya, har ƙaiƙayin ma ba ta rasa ba. Abin da ya rage mana shi ne yawancinmu muna shuka ta ne ba tare da mun yanke shawarar abin da mu ke nema gare ta ba. Sai a jefa 'yan ƙwayoyi a kan iyaka, mata su yi ta yagar ganye, in kaka ta yi maigida ya zo neman igiya ya tarar da kara gajere duk rassa. Ramar kwaɗo da ramar igiya iri ɗaya ne, amma shukarsu dabam dabam ce.

Mu fara da iri, watau gurguzu. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙwayar mai ne, shi ya sa ba ya jimirin ajiya kamar gero, balle in ya sha zafi da laima. Kafin ka shuka, ƙirga ƙwaya 20, ka naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana 6 ka buɗe. In 15 ko fiye sun tsiro, irinka na kirki ne. In ba su kai 10 ba, nemi wani. 'Yan kasuwa masu auna iri da mudu, ku ma wannan gwaji ya shafe ku, gama wanda ka sayar wa mataccen iri bana ba zai komo rumfarka baɗi ba.

Sai wuri. Rama ba ta son inda ruwa ke kwanciya, ba ta kuma son jigawa tsantsa wadda ba ta ga taki ba. Karkarar da ke kusa da gida, inda a ke zuba juji da kashin awaki, ta fi. Akwai wasu tsutsotsi ƙanana a cikin rairayi, ido ba ya ganinsu, su ne ke sa saiwar kuɓewa da tumatir ta yi ƙululu, rama ma suna cinta ainun. Saboda haka kada ka sa ta inda ka noma kuɓewa ko tumatir ko taba bara. Bayan gero ko dawa ya fi kyau.

In igiya ka ke so, ka shuka da wuri, da zarar ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Dalili kuwa, rama tana yin fure ne sa'ad da yini ya fara gajarta, wajen Satumba, kuma in ta fara fure tsawonta ya kusa ƙarewa. Wanda ya makara har Agusta, tasa za ta yi fure kusan tare da ta kowa, alhali ba ta wuce ƙirjinsa ba. Ka ja layi, tsakanin layi da layi wajen inci 10, tsakanin tsiro da tsiro inci 2 zuwa 3, zurfi kada ya wuce inci ɗaya. Na san manomin gero zai ce wannan cunkoso ya yi yawa. Ai cunkoson a ke nema. In sun matsu, kowace sai ta miƙe sama neman rana, ba ta samun zarafin yin reshe, ɓawon kuwa ya fito dogo ba gaɓa. A ƙasa mai kyau ta kan ninka tsawon mutum. Noma ɗaya ko biyu da fari ya isa, daga nan inuwarta ke kashe ciyawa. Wannan fage a hana yagar ganye. Abin da aka cire wajen rage tsiro shi ne rabon tukunya.

Ta kwaɗo kuwa a ba ta fili, wajen ƙafa biyu tsakanin layi, ƙafa ɗaya tsakanin tsiro. In ta kai gwiwa a tsinke kanta don ta yi rassa, ganye ya yawaita. Abin da ya fi ƙarfin ci a shanya a inuwa, a ajiye don dambu da fate da rani. Cikin wannan fage ne kuma za ka bar masu ƙarfi su yi iri.

Yanzu sai maganar yanka, nan ne mutanen ƙasarmu suka fi hasara. A yanke ramar igiya sa'ad da ta fara fure. In aka bari ta yi 'ya'ya ta bushe a tsaye, zaren ya yi kaushi, ɓarewa ta yi wuya. Ga kuma wani dalili namu na nan arewa: zare mai kyau sai an jiƙa, kududdufanmu kuwa ba su daɗewa bayan ɗaukewar ruwa. Wanda ya ce sai ya gama da gero da gyaɗa tukuna, zai zo ya tarar da taɓo. A ɗaure dami-dami, a bari kwana biyu ko uku ganye ya kaɗe, sa'an nan a nutsar cikin ruwa a danne da itace. Daga kwana 7 a riƙa dubawa kullum, gama ta kan nuna tsakanin mako ɗaya da biyu. In ka murza gindin ka ga zare ya saki kara da sauƙi, a fitar nan da nan, in ta wuce lokaci zaren ya kan ruɓe ya rasa ƙarfi. A ɓare, a wanke da ruwa mai kyau, a shanya. Ruwan jiƙo yana wari yana kuma ɓaci, don haka kada a jiƙa inda mutane ko dabbobi ke sha. Gara a haƙa rami a gefe a jawo ruwa ciki.

Da can wannan zare ya taɓa samun babbar kasuwa. Zamanin dalar gyaɗa a Kano, buhunan daga Indiya da Pakistan a ke kawo su, da zaren wani ɗan'uwan lalo a ke saƙa su. Don a rage wannan kuɗi da ke fita aka kafa ma'aikatun buhu a Jos da Badagiri cikin shekarun 1960, da nufin su yi aiki da rama. Ba su ɗore ba, daga baya kuma buhun leda da igiyar roba suka cika kasuwa. Don haka ba ni ce wa kowa ya bar hatsi ya cika gona da rama ba. Amma mai shanu da awaki, da mai tankar ɗaki, da mai darni, kullum cikin sayen igiya su ke. Fage mai taki 20 tsawo da 10 faɗi zai rage wa gida wannan kuɗi, abin da ya saura kuma matuƙa igiya su saya.

Iri kuwa ya kan ƙosa wajen wata guda bayan fure. In ƙwansunan ƙasa sun fara bushewa a yanke, kada a jira na sama, gama suna fashewa su zubar. A shanya bisa tabarma, a buga da sanda, mai bugu ya rufe hannuwansa da fuskarsa saboda ƙaiƙayi. In ya bushe sarai, a gauraya da toka, a zuba cikin gora ko kwalba, a toshe, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da murhu.