Daga takardun DDS zuwa Koro Toro: Wa ke da ikon ganin dosiyen kotu a Chadi?

Duk ɗan kasuwar da ya saba ƙetara gadar Ngeli daga Kusiri ya sauka a unguwar Ambassatna da ke birnin Njamena, ya san cewa ranar da aka kama maka yaro ko direba, kalmar farko da za ka fara ji ita ce dosiye. Dosiye yana wurin alƙalin bincike, dosiye bai sauko ba, dosiye sirri ne. Mutanenmu na Nijar ba baƙi ba ne ga wannan, domin su ma tsarin shari'ar Faransa suka gada, amma Bakano ko Bakatsine yakan ɗaure kai.

A wannan tsari, babban laifi yakan fara biyawa ta hannun alƙalin bincike, wanda shi ke tattara shaidu, kuma muddin bai kammala ba to takardun a rufe suke. Lauyan wanda ake tuhuma yana da damar dubawa, ɗan jarida ba shi da ita, haka ma ubangida. Akwai hikima a ciki, domin ana kare mai ba da shaida, ana kuma kare mutuncin wanda watakila a sallame shi gobe. Amma ƙa'ida ita ce da zarar an shiga zaman kotu a buɗe ƙofa, a karanta hukunci a bainar jama'a. Shi ya sa wanda ya san gari ba ya ɓata kuɗinsa wajen 'yan "bari in shiga in gano maka"; lauya yake ɗauka, ya riƙe lambar dosiye, in an yanke hukunci ya nemi kwafi a wurin magatakardan kotu.

Chadi kuwa ta ga amfanin buɗe takarda fiye da yawancin ƙasashen Afirka. Idan mai karatu bai manta ba, Hissene Habre ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, kuma 'yan sandan cikinsa da ake kira DDS sun riƙa tsare mutane ba tare da an kai su gaban wani alƙali ba. Kwamitin binciken da Mahamat Hassan Abakar ya shugabanta ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe kimanin mutum 40,000. Sai dai ƙiyasi daban, hujja daban.

Hujjar ta fito ne a 2001, lokacin da Reed Brody da Olivier Bercault na ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedkwatar DDS a Njamena, suka tarar da dubban takardu zube a ƙasa, ƙura ta lulluɓe su. Ashe jami'an sun kasance masu son rubutu: wanda aka kama, abin da ya faɗa da aka matsa shi, ranar da ya mutu, duk a rubuce. Da aka tantance sai aka sami sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da wasu 12,321 da aka azabtar ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. An kuma gano cewa shi kansa Habre ya karɓi rahotanni 1,265 kai tsaye daga DDS a kan fursunoni 898. Daga nan zancen "ban sani ba" ya yi wa tsohon shugaban wuyar faɗa.

A cikin waɗannan takardu ne aka tsinci rahoton tambayoyin da aka yi wa Rose Lokissim, wata mata da ke tsare wadda ta riƙa rubuta sunayen waɗanda suka mutu a ƙananan takardu tana fitar da su a ɓoye zuwa ga danginsu. An gano ta, aka kashe ta a 1986. Aikin da ɗan jarida ke neman izinin yi a yau, shi ta yi daga cikin kurkuku, ya kuma ci ranta.

Takardun sun yi aiki a kotuna biyu. A Njamena, a ranar 25 ga Maris, 2015, kotu ta sami tsoffin jami'an tsaro 20 da laifi, bakwai daga cikinsu ɗaurin rai da rai, ciki har da Saleh Younous wanda ya taɓa shugabantar DDS. A Dakar kuwa, kotun musamman da Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa ta fara sauraron shari'ar Habre a ranar 20 ga Yuli, 2015, ƙarƙashin Mai shari'a Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso. An ɗauki zaman da kyamara, an sa a intanet, gidan talabijin na Chadi ma ya nuna, ta yadda mai shayi a Ambassatna ya ga tsohon shugabansa naɗe da rawani, ya yi gum, yayin da matan da aka ci zarafinsu ke magana a gabansa. An yanke masa ɗaurin rai da rai a ranar 30 ga Mayu, 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017, ya rasu a Dakar a watan Agustan 2021. Diyya dai ta yi tafiyar hawainiya: kotun Njamena ta ce biliyan 75 na sefa, ta Dakar ta ce biliyan 82, amma sai a 2024 gwamnati ta fara raba biliyan 10.

To, ƙasar da ta ga wannan da idonta ita ce kuma ta yi shari'ar Koro Toro. Bayan zanga-zangar ranar 20 ga Oktoba, 2022, wadda gwamnati ta ce kimanin mutum 50 suka mutu a cikinta amma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce 128 ne, an kwashi mutum 621 zuwa gidan yarin Koro Toro da ke tsakiyar hamada, tafiyar kusan kilomita 600 daga Njamena. A can aka yi wa mutum 401 shari'a cikin kwana huɗu. Lauyoyi sun ƙaurace, kafafen labarai masu zaman kansu ba su samu shiga ba, sai talabijin na gwamnati. Mai gabatar da ƙara ne ya dawo Njamena ya sanar da cewa an ɗaure mutum 262 shekara 2 zuwa 3, an yi wa 80 ɗaurin talala, an sallami 59. Mai ƙidaya ya raba 401 gida huɗu ya ga mutum nawa alƙali ya saurara a yini.

Kada kuma mutanen Najeriya su yi dariya. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a fili, amma a watan Oktoban 2017 a asirce aka fara shari'ar mutum fiye da 1,600 da ake zargi da Boko Haram a barikin soja na Kainji, sai da aka yi ta suka kafin a bar 'yan jarida su shiga a zagaye na biyu a 2018.

A watan Maris na 2023 Shugaba Mahamat Idriss Deby ya yi wa 259 daga cikin ɗaurarrun Koro Toro afuwa, iyalansu suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Amma afuwa ba ta wanke suna, ba ta kuma nuna wa uwa hujjar da aka dogara da ita aka ɗaure ɗanta. A watan Nuwamban 2023 majalisar riƙon ƙwarya ta zartar da dokar yafiya ga duk wanda ke da hannu a abin da ya faru ranar 20 ga Oktoba, farar hula da masu kaki baki ɗaya, wanda hakan ke nufin waɗanda suka yi harbin ba za su tsaya gaban kotun ƙasar ba.