Labarin Sojan da Yaƙi Ya Biyo Shi Gida

A cikin littattafan Hausa na ƙagaggen labari akwai wani mai suna Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda Bature Gagare ya wallafa. An buga shi a shekarar 1982, bayan ya yi nasara a gasar da hukumar al'adu ta Gwamnatin Tarayya ta shirya, shi da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Da boko aka rubuta shi, shafinsa kuwa ya haura 300, amma ya cancanci malami ko farke ya sa a karanta masa.

Tushen labarin shi ne Yaƙin Basasa, wanda aka fara a 1967, aka gama a watan Janairu na 1970. Kafin yaƙin sojan Nijeriya misalin dubu 10 ne. Da aka ƙare sun tasam ma dubu 250. Da yawansu samari ne da aka ɗebo daga gona da kasuwa, aka koya musu harbi cikin gaggawa. Da ƙura ta lafa aka shiga rage su. To, wanda ya saba da jini, aka karɓe bindiga aka ce ya koma ga fartanya, yaya zai yi?

Wannan tambaya ita ce mawallafin ya ɗora wa Mailoma, babban mutumin labarin. Bamaguje ne, ya yi yaƙi, ya dawo da jikinsa, amma zuciyarsa ta bushe. Ya tara 'yan ta'adda, ya shiga fataucin tabar wiwi, kashe rai ya zame masa kamar yanka kaza. Mai karatu ba ya samun sukuni, kullum yana jiran ya ga wa za a yaudara, wa za a halaka.

Gwanintar littafin ita ce bai wanke Mailoma ba, bai kuma ɓoye inda mugun halinsa ya samo asali ba. Littattafan farko, kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, nishaɗi suke bayarwa tare da wa'azi cikin raha. Wannan kuwa tsoro yake sa wa, domin a yi tunani.

Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su fi kowa fahimtarsa. Maguzawa maƙwabtansu ne tun kaka da kakanni, kasuwa ɗaya suke ci. Fatake masu bin hanyar Kano zuwa Jos kuwa sun san fargabar ratsa dajin Falgore da dare, sun san abin da makami ke yi a hannun wanda bai da sana'a.

Galibin tsofaffin soja sun dawo sun zauna lafiya, sun yi noma, sun riƙe iyali. Amma akwai wanda ke zabura cikin barci, ko ya firgita in taya ta fashe. Likitoci sun tabbatar ciwo ne, yana kuma da magani. Irin wannan mutum ba ba'a ya kamata a yi masa ba. A ja shi a jiki, a kai shi asibiti, a nema masa abin yi, tun kafin wani Mailoma ya riga dangi kiransa.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.