Zafin ruwa da rayuwar kifi

Da bazara rana tana da zafi ƙwarai a Ƙwanni da Malbaza da Illela. A watan Afrilu da na Mayu ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40. Mutum in ya ji zafi sai ya nemi inuwa, ya sha ruwan randa. Amma kifin da yara suka sa cikin bokiti ba shi da wurin gudu.

Jikin kifi ba shi da ɗumin kansa kamar na mutum ko na akuya. In ruwa ya yi zafi, jikinsa ya yi zafi. In ruwa ya yi sanyi, shi ma haka. Kifi yana numfashi da iskar oksijen wadda ke narke cikin ruwa. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana riƙe kamar miligiram 9 na oksijen. In ta kai digiri 30, sai ta riƙe 7 da rabi kawai. Ga shi kuma lokacin zafi ne kifi ya fi bukatar iska. Shi ya sa ake ganinsa yana tasowa saman ruwa, yana buɗe baki.

Kowace halittar ruwa da irin zafin da take so. Karfasa tana jin daɗi daga digiri 25 zuwa 30. In ruwa ya sauka ƙasa da 20, lokacin ɗari, sai ta rage cin abinci. Tarwaɗa ta fi ta juriya, don tana iya shaƙar iskar waje. Gaiwa kuwa, in tabki ya ƙafe, sai ta nutse cikin taɓo ta jira damana. Ana samun irin waɗannan kifaye a tabkunan jihar Tawa.

A ƙasar Meksiko akwai wata dabbar ruwa da ake kira aksolotil. Dangin kwaɗo ce, amma tana da wutsiya da ƙafa huɗu, kuma ba ta barin ruwa. A kowane gefen kanta akwai rassa uku masu kama da gashin tsuntsu, da su take numfashi. In ƙafarta ta yanke, wata takan tsiro. Gidanta na asali tabkin Soshimilko ne, bisa tudu mai tsawon fiye da mita 2,000, inda ruwa ke da sanyi. A shekarar 1864 aka kai wasu da rai birnin Paris. Yanzu mutane suna kiwonta cikin akwatin gilashi a ƙasashe da yawa. Tana son ruwa mai digiri 16 zuwa 18. In ya wuce 24, sai ta daina ci, ta yi ciwo, har ta mutu. Ruwan da ya yi wa karfasa daidai, ita kashe ta yake yi.

Ƴan makarantar da ke son ajiye kifi cikin aji, ga abin da ya kamata su yi. Su nemi randa mai faɗin baki, don ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafi. Kwanon ƙarfe ba shi da kyau. Su aje randar a inuwa. Su auna zafin ruwan da safe da kuma azahar, su rubuta. In za su sake ruwa, su kwashe kaɗan, su zuba wanda ya kwana a inuwa. Kada su jefa ƙanƙara ciki, don sanyin da ya zo farat ɗaya yana galabaitar da kifi.

Tambayoyi
1. Don me kifi yake tasowa saman ruwa lokacin zafi?
2. Digiri nawa aksolotil take so?
3. Me ya sa randa ta fi kwanon ƙarfe?