Daga ranar biki zuwa zaman aure a ƙagaggun labaran Ingila

A farkon ƙarni na 19, ƙagaggen labari a Ingila yakan ƙare ne da ɗaurin aure. Kafin ƙarnin ya shuɗe, marubuta sun koma tonon abin da ke faruwa bayan 'yan biki sun watse. Babban dalilin wannan sauyi yana cikin dokar dukiya.

A farkon ƙarnin, da zarar mace ta yi aure, kuɗinta da abin da ta samu da guminta sun zama na miji. Bahaushen da ya saba ganin mace riƙe da sadakinta da gadonta zai sha mamaki. A littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, wani magidanci mai suna Bennet na da 'ya'ya biyar, duk mata, kuma sharaɗin gadon gidan ya ce in ya rasu ɗan'uwansa Collins ne zai gaje shi. Shi ya sa uwarsu ba ta da zance sai na aurar da su. Masu karatu na yi mata dariya, amma tsoronta na da tushe. Wata kuma a labarin, Charlotte Lucas, mai shekara 27, ta auri Collins ɗin nan ne kawai don ta sami rufin asiri.

A 1857 aka kafa kotun raba aure, ko da yake an tsananta wa mace: miji ya tabbatar da zina ya isa, ita kuwa sai ta haɗa da wani laifin, kamar azabtarwa. Dokokin 1870 da 1882 suka ba matar aure ikon riƙe dukiyarta. Da aka fara muhawara a kan auren kansa, marubuta suka kutsa cikin ɗaki. George Eliot, mace ce da ta ari sunan namiji, ta aurar da Dorothea tun farkon littafinta Middlemarch, sannan ta nuna zamanta da mijinta Casaubon, wanda har a wasiyyarsa ya ce ta rasa dukiyarsa in ta auri wani mai suna Ladislaw.

Wani lokacin ma littafi kan riga doka. Tun 1848 Anne Brontë ta rubuta labarin matar da ta gudu da ɗanta daga gidan mashayin miji, alhali doka na ba uba iko da ɗa. Sai dai tonon ya jawo tsada: sukar da Thomas Hardy ya sha kan littafinsa Jude the Obscure a 1895 ta yi tsanani, kuma bai sake rubuta sabon ƙagaggen labari ba, ya koma waƙa.